Yadda Jikata Ta Koma Aji Huɗu

Tun da na ajiye aikin koyarwa na zauna a gidana a Kazaure, duk wanda ya ji cewa na taɓa zama a ƙasar waje sai ya tambaye ni labarin Ingila. Yana so ya ji ko da gaske ne ƙanƙara tana zuba kamar auduga, ko da gaske ne jirgin ƙasa yana tafiya a cikin rami. Nakan amsa a taƙaice, domin ɗan kwas ne na watanni ya kai ni can, kuma abin da na fi tunawa shi ne sanyi da dafaffen dankali marar gishiri. Ƙasar da na zauna da gaske, na yi shekaru ina koyarwa, ita ce Nijar. Da na faɗi haka sai mai tambaya ya taɓe baki ya ce, "Au, nan Damagaram?" A ganinsa inda ake zuwa sayen dabino da raƙuma ba ƙasar waje ba ce, balle a koyo wani abu a can. To, ni a can na ga wani tsarin makaranta da har yau nake jin haushin rashinsa a wurinmu, kuma saboda shi ne surukina ya daina gaishe ni.

A Roni aka haife ni, kuma a makarantar mishan na yi karatu. Kowace safiya ana duba mana farce da wuyan riga. Wanda ya ɗiga tawada a shafi, sai ya sake rubuta shafin tun daga layin farko. Ba a ce da mu "ya yi dama-dama". Ko aiki ya yi daidai, ko bai yi ba. Ban taɓa jin kunyar wannan tarbiyya ba, kuma ba yanzu da furfura zan fara ba.

Da aka nemi malaman Turanci da za su je Nijar, na ba da sunana. Daga Babura na hau akori-kura, muka bi ta Baban Mutum, muka tsallaka iyaka, muka nufi Magarya. Motar ta yi ta kafewa a rairayi, muna sauka muna turawa, ni da kwat ɗina da akwatin littattafaina. Jandarmomi suka juya takarduna gaba da baya suna magana da Faransanci, bayan kuwa na ji su suna hira da Hausa kafin mu tsaya. Na iske Damagaram gari ne mai duwatsu kamar Roni, sai dai ruwa ya fi wuya. Na koyi yin wanka da alwala da abin da a gida ba zai ishi wanke kwanuka ba. Na koyi ciniki da kuɗinsu na sefa, na koyi shan fura da barkono, na kuma koyi cewa makarantar boko a can lakwal ake ce mata.

Daraktan makarantar da aka tura ni wani dogon mutum ne siriri, Bazabarme, mai Hausa a karkace, wanda ban taɓa gani da rigar da ba a goge ba. A makon farko bai bar ni na shiga aji ba. Ya ce in je lakwal ɗin ƙananan yara da ke bayan katangarmu, in zauna a benci na baya in kalla, domin in san irin yaran da za a kawo mini.

Abin da na gani shi ne wannan. Kowane yaro yana da ɗan ƙaramin baƙin allo, da guntun alli, da tsumma. Malami ya yi tambaya, ajin ya yi tsit, kowa ya sunkuya yana rubutu. Sai malamin ya buga rula a kan tebur, duk yaran su ɗaga allunansu sama a tare. Da kallo ɗaya ya ga wanda ya sani, da wanda ya yi kuskure, da wanda allonsa yake fayau babu komai. Babu inda yaro zai ɓuya. Ba wanda zai laɓe a cikin muryar 'yan'uwansa yana motsa baki. Na zauna a wannan benci, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, na ga malami ya bar dukan aji ya tafi wurin wata yarinya mai allo fayau, ya tsuguna, bai tashi ba sai da ta rubuta abin da ya tambaya.

A ƙarshen shekara kuma malamai sukan taru a ɗaki, a rufe ƙofa, a kira sunan yara ɗaya bayan ɗaya. Makinsu bisa ashirin ake lissafa shi. Wanda bai kai rabi ba, sai ya maimaita aji. A shekarata ta biyu ɗan wani babban jami'in kwastan ya gaza. Uban ya zo da mota, da rago a baya. Darakta ya fito ya tarbe shi da girmamawa, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanka yaro ne mai hankali, shi ya sa ba zan tura shi gaba da ƙafa ɗaya ba. Zai zauna." Rago ya koma yadda ya zo. Yaron ya dawo ajina, a bencinsa na bara. Da farko ba ya ɗaga kai. Kafin tsakiyar shekara shi ne yake fara gama aiki. Ba wanda ya yi masa dariya, domin a kowane aji akwai masu maimaitawa, kamar yadda a kowace gona akwai inda ake sake shuka.

Ban ce komai nasu daidai ne ba. Suna dukan yara fiye da kima. Suna hukunta yaro don ya yi Hausa a harabar makaranta, abin da ya ƙona mini rai ƙwarai. Wanda ya faɗi sau biyu a aji ɗaya kuwa sukan kore shi, wannan ma ban taɓa yarda da shi ba. Ban kuma san yadda suke a yau ba, an ce su ma abubuwa sun saki. Amma a zamanin da na zauna da su, idan an ce yaro yana aji shida, to, karatun aji shida ne a kansa.

Da na dawo gida na koyar a Gwiwa, na koyar a Roni, na ƙare a Babura. A gabana aka daina kayar da yara. Aka ce kowa ya wuce. Na yi magana a taron malamai har aka fara kallon agogo idan na miƙe. Na sa kafinta ya yanka mini alluna daga falanki, na shafa musu baƙin fenti da hannuna, na yi aiki da su a ajina. Da aka yi mini canjin makaranta, na sami labarin an hura wuta da su. Na yi ritaya, na ce na huta da ɓacin rai. Ashe yana jirana a cikin gidana.

Ina da 'ya da take aure a Babura. Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai zuwa masallaci a kan lokaci, mai riƙe iyalinsa da kyau, ba ni da abin faɗi a kansa ta wannan fuska. Babbar 'yarsu, jikata, tana aji shida na firamare. Wajen ƙarshen zango na uku aka aiko mini cewa za a yi bikin yaye ɗalibai, kuma makaranta tana so in zama babban baƙo, in ba yara labarin Ingila. Na je kwanaki kaɗan kafin bikin. Na tarar gidan a hargitse: tela yana ta kai da kawowa, an fitar da anko, ana ta soya cincin.

Jikata ta fito da gudu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Tsoho, da wannan kwat ɗin za ka je bikina? Wallahi sai in ce ban san ka ba. Zan canza miji."

"Marar kunya," na ce, "wa zai kwashe ki in ban da ni? Ɗauko littafinki in ji abin da ake yi wa wannan suya."

Ta ɗauko littafin Turanci, ta buɗe wani shafi da ya yi baƙi don taɓawa, ta fara karantawa da waƙa-waƙa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Uwarta tana bakin murhu tana murmushi. Ni kuwa ba bakinta nake kallo ba, idonta nake kallo. Idon yana kan kajin da ke tsakar gida. Yatsanta yana tsakiyar shafi, muryarta ta riga ta kai ƙarshe. Na karɓi littafin, na buɗe wani shafi can gaba, na miƙa mata. Ta kafe shafin da ido, ta kasa fara ko layin farko. Na ce to, a bar Turanci. Na ɗauki tsinke na rubuta a ƙasa da Hausa cewa gero ya yi tsada a kasuwa. Ta gane harafi biyu ko uku. Ta kasa haɗa su.

"Ba a koya mana wannan ba," ta ce.

Gaskiya ta faɗa. Shekara shida tana sa farin hijabi tana fita da sassafe, tana dawowa da yunwa, kuma ba a koya mata ba. Ba da ita na yi fushi ba. Na yi fushi da duk babban da ya tsaya a gabanta cikin shekarun nan ya ce ta ci.

Washegari na tafi makarantar. Tun daga bakin hanya nake jin su. Malami ya faɗi jimla, yara su amsa da ƙarfi kamar za su ɗage kwanon rufi, ya sake faɗi, su sake amsawa. Wanda ya iya da wanda bai iya ba, murya ɗaya. Mai wucewa zai ce karatu ake yi sosai.

Hedimastan tsohon ɗalibina ne, ni na koya masa riƙe alƙalami a Gwiwa. Da ya gan ni ya tashi daga kujera, ya durƙusa har ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam, da ka aiko ai ni zan zo."

"Tashi ka zauna. Jikata ba ta iya karatu ba. Ina so ka riƙe ta, ka mayar da ita baya."

Ya yi ɗan murmushi irin na wanda tsoho ya tambaye shi labarin abin da ya daɗe da wucewa.

"Baba, ai yanzu ba a kayar da yaro. In na riƙe ta, ina zan zaunar da masu tahowa? Leƙa aji biyar ka gani, har a kan taga suke zama. Kuma in na fara da ita, rabin ajin zan riƙe."

"To, ka riƙe rabin ajin."

"Iyaye za su cinye ni ɗanye, Baba. Ga shi kuma Alhaji, mahaifinta, shi ya ba mu shinkafar walima. In ta je sakandare za ta kama, yara da yawa a can suke kamawa."

"Wa ya gaya maka? Ka taɓa bin su can ka gani? Kai da kanka, ranar da ka kasa lissafin rabawa, na bar ka ka wuce?"

"Ba ka bar ni ba, Baba."

"Ka mutu?"

Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Baba, za a duba." Na yi shekaru a aikin gwamnati, na san ma'anar wannan magana. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da mai babur, yana ta yi mini addu'a. Ladabinsa cikakke ne, ba abin da za ka kama. Na fi son ya zage ni ya koya wa yarinyar karatu.

Da surukina kuwa ba a yi maganar ido da ido ba, domin kunyar da ke tsakaninmu. Idan na shigo zaure ya fita, idan ya gaishe ni kansa a ƙasa. Saboda haka 'yata ce ta zama 'yar aike, tana kai magana tana dawo da magana, kamar ba a gida ɗaya muke kwana ba.

"Baba, ya ce a ba ka haƙuri. An riga an yanka yadi, 'yan'uwansa na Gwiwa sun ce suna tafe."

"Ki ce masa yadi ba ya karatu."

Ta tafi, ta dawo.

"Ya ce 'yarsa ba daƙiƙiya ba ce da za a nuna ta a gari."

"Ni ma ban ce daƙiƙiya ce ba. Na ce an cuce ta. Ke da na koya miki karatu a kan tabarmata, ba ki taɓa zaunar da ita kin ji ba?"

Ta ce a hankali, "Kullum ina jin ta tana yi, Baba. Na ɗauka karatu ne."

Ranar bikin da safe, ana kafa rumfa ana gwada lasifika, na ɗauki jakata na tafi tasha. Ba zan zauna a kujerar gaba in ba da labarin ƙanƙara ga yaran da ba za su iya karanta sunan garinsu a allon hanya ba. An ce an kira ni a lasifika, aka ga kujera babu kowa. An ce jikata ta yi kyau a cikin rigar. Ban yi shakka ba.

Ta shiga ƙaramar sakandare. Zango ɗaya ta yi. Wata Juma'a sai ga 'yata ta yi sallama a gidana a Kazaure, yarinyar tana bayanta, ta rame, ba tsokana, ba dariya. Uwar ta ce kullum da safe ciwon kai, ranar Asabar da Lahadi kuwa lafiya lau. An kai ta asibiti, an yi rubutu an sha, ba abin da ya sauya. Sai da uwar ta matsa mata ta faɗi gaskiya: tana zama a aji tana zana abin da ke kan allo kamar mai kwaikwayon zanen lalle, ba ta san abin da yake cewa ba, kuma wata malama ta tashe ta ta yi karatu a gaban aji.

"Mun yi shawara, Baba. Ta zauna a wurinka, ka sa ta inda ya dace. Amma ya ce da sharaɗi. A Babura za a ce sakandare take yi a Kazaure."

"Ba zan yi shela ba," na ce. "Amma duk wanda ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

"Shiru kawai muke roƙo, Baba."

Na gwada yarinyar da kaina, na ga aji huɗu ne wurinta. Na kai ta wata firamare kusa da gidana, inda shugabar ta karɓe ta ba tare da dogon bayani ba. Ta fi kowa tsawo a ajin. Makonnin farko ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Kullum bayan la'asar muna zama a zaure, harafi da harafi, gaɓa da gaɓa, kuma ban sassauta mata ba. Idan layi ya karkace ta sake. Ta yi kuka, na jira ta gama, muka ci gaba. Ina jin haushi duk lokacin da na tuna cewa abin da yaro a Damagaram yake yi a fili, a bencinsa, a gaban abokansa, mu sai mun yi fasa-ƙwaurinsa zuwa wani gari kamar kayan haram.

Bayan wasu watanni, ina fitowa daga masallacin Juma'a, na haɗu da wani abokin cinikin surukina, mutumin Babura. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ya 'yar sakandaren tamu? An ce ita ce ta ɗaya."

Na ce, "Tana lafiya. Aji huɗu take, na firamare. Tana ƙoƙari."

Kafin mako ya zagayo surukina ya iso da kansa. A karo na farko tun da ya auri 'yata, ya zauna a gabana ya dube ni a ido.

"Baba, ka tona mini asiri a kasuwa. Har yaran shagona suna magana. Na zo in tafi da 'yata."

"'Yarka ce, Alhaji, ba ni da ikon hana ka. Amma in ka mayar da ita wancan ajin, ka sani da hannunka ka rufe mata ido. Ni ban tona maka asiri ba. An tambaye ni na amsa."

"Da ka ce tana lafiya ka yi shiru, me zai ragu a jikinka?"

"Irin wannan shirun ne ya kawo ta nan. Kowa ya yi mata shi, shekara shida."

Ya kira ta. Ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce ta haɗa kayanta. Ba ta motsa ba. Ya sake faɗi, da ƙarfi. Ta ce, kanta a ƙasa, muryarta da ƙyar ake ji, "Abba, don Allah ka bar ni in gama shekarar. Yanzu in malama ta yi rubutu ina ganewa."

Ya dube ta. Sannan ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita. An kawo masa abinci bai taɓa ba. Bai tafi da ita ba, bai kuma sake taka gidana ba. Sallah ta zo ta wuce, bai aiko ko da gaisuwa ba, sai dai buhun gero da yake turowa a mota da sunan yarinyar. Ina karɓa, domin haƙƙinta ne.

Jarrabawar ƙarshen shekara tana tafe. Na je na sami shugabar makarantar, na gaya mata a gaban malamar ajin cewa kada a ƙara wa jikata maki ko ɗaya don ganin idona. In ta ci, ta wuce aji biyar. In ba ta ci ba, ta sake zama. Na gaya wa yarinyar haka ita ma, ta ce ta ji.